Ƙusar Farfela

Da hantsi masunta suka tsamo gawar Kibiya cikin ciyawar bakin ruwa, ƙasa kaɗan da tashar jirage. Shi kaɗai ya fita da sassafe don ɗauko 'yan kasuwa daga tsallake. Kafin azahar masu nutso sun ciro injin jirginsa, da ɓallin katako maƙale a jikinsa. Kafin a dawo daga maƙabarta kuwa gari ya gama shari'a: kashe shi aka yi, kuma kowa ya san wanda ya kashe shi.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Babu matuƙin da bai taɓa cin karo da kututture a ruwan nan ba. In ka ci karo, inji ya yi kuka ya daina ja, sai ka ɗauko filafili ka tuƙo gida kana tsaki. Ba a taɓa jin kututture ya fizge inji ya kife jirgi ya kashe mutum ba, balle Kibiya da ya shekara goma yana wannan aiki. Ga shi kuma mata biyu masu wanke kifi sun ga Hayaƙi tsugune a bayan jirgin ana gobe abin zai faru, da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci.

Hayaƙi shi ma matuƙi ne. Injinsa ne ya jawo masa sunan, don in ya tayar da shi sai masu shanya su ruga kwashe kaya. Tunda Kibiya ya kai nasa injin wajen Makanike aka ƙara masa ƙarfi, fasinja suka koma jirginsa, Hayaƙi ya zama mai kwasar ragowa, kuma an sha jin su suna cacar baki. Shugaban matuƙa ya yi dabara ya kulle shi a ɗakin ajiyar raga kafin matasa su kai gare shi. Ya ce zai iya riƙe su zuwa jibi da safe, bayan nan ko ƙofar ba za ta riƙe su ba. Ofishin 'yan sanda yana tsallake, kuma babu matuƙi ɗaya da ya yarda ya je ɗauko su.

Ni aikina bin sawu. Saniya ta ɓata, an fasa shago, wani ya bi hanya bai dawo ba, ni ake kira. Ba na shiri da ruwa, don ba ya ajiye sawun kowa. Ba na shiri da taron jama'a, don su za su tattake mini aiki sannan su tsaya suna tambayata me na gani. Da wani ne ya aiko, da na ce ƙafata na ciwo. To uban Kibiya ne ya aiko, Maƙeri, wanda muka yi wasan ƙasa tare, kuma Kibiya shi ke nan gare shi.

*

Na same shi zaune a ƙofar gida cikin masu gaisuwa, sandarsa a kan cinya. Idonsa a bushe yake, kuma wannan ya fi kuka tayar mini da hankali.

"Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri," na ce.

"Haƙurin zai zo daga baya. Yanzu idonka nake so, Mai Sawu. Kowa Hayaƙi, kowa Hayaƙi. Ni ba na aiki da an ce. In kai ka ce shi ne, to shi ne."

"In kuma na ce ba shi ba ne?"

"Sai ka kawo mini wanda ya yi."

Na san abin da ke tsakaninsa da ɗan nan. Gidansu ƙira suka gada kaka da kakanni, Kibiya ya ajiye guduma ya bi inji. Ba gaba suke yi ba, gida ɗaya suke kwana, amma hirarsu ba ta wuce ina kwana da sannu da dawowa. Maƙeri bai taɓa sa ƙafa a jirgin ba. In ya tashi ambaton injin, gwangwani mai ihu yake ce masa.

*

Washegari na fara da tasha. Kibiya ba ya ɗaure jirginsa cikin na mutane. Can gefe yake jan shi ƙarƙashin wata bishiya, ya juyo bayansa kan laka don ya ji daɗin duba inji. Wannan ce ta cece ni, don masu kallo ba su kai nan da ƙafafunsu ba.

Sawu uku na samu a inda bayan jirgin ke zama. Akwai na Kibiya, ƙafa ba takalmi. Akwai na Hayaƙi, takalmin roba mai cinyayyiyar dunduniya, ya tsuguna a kan yatsu irin tsugunon mai shirin gudu, kuma bai daɗe ba. Mai na ukun durƙusawa ya yi da gwiwa ɗaya, ya daɗe har laka ta lotsa, ga ramin sanda a gefensa. Na san mai ƙafar nan tun kafin ta fara jan ƙasa. Na ce a raina uba ne ya zo duba jirgin ɗansa, ba wani abu ba. Na tsallake shi na wuce wajen Hayaƙi.

*

Shugaba ya buɗe mini ɗakin raga. Hayaƙi na rakuɓe a lungu, an ɗaure masa hannu ta gaba, leɓensa a kumbure.

"Me ka je yi bayan jirgin mutum da tsakar rana?" na ce.

"Baba, wallahi wucewa kawai na yi."

"Kai, ni za ka yi wa wannan? Mai wucewa ba ya tsugunawa. Ka tsuguna, ka miƙe, ka sake tsugunawa, sannan ka tafi da sauri ta bayan bishiya. In ƙarya za ka yi, ka yi wa wanda bai ga ƙafarka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Murfin injin na buɗe."

"Ka yi me?"

"Na leƙa. So nake in ga abin da Makanike ya yi masa yake gudu haka. Na tambayi Makanike ya ce sirrin mai inji ne. Na ce bari in gani da idona, ko na iya yi wa nawa."

"To me ka gani?"

"Inji na gani, Baba. Ban gane komai ba. Na mayar da murfin na gudu don kunya."

Dariya ta so ƙwace mini, na danne ta. Shi kuwa sai hawaye.

"Sau biyu injina na mutuwa a tsakiyar ruwa, Kibiya yake jawo ni. Tun daga can har tasha yana yi mini tsiya, wai in sayar da injin wa masu gasa kifi. Amma ya jawo ni. Ni zan kashe shi? 'Ya'yana mata uku suna gida, tun jiya ake jifan ƙofar."

Sawunsa da bakinsa sun zo ɗaya. Sai dai sawu a laka ba ya hana mai fushi ɗaga sanda.

*

Daga nan na shiga wajen matar Kibiya. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, cikinta ya tsufa, ta miƙe ƙafafu sun kumbura. Na tambaye ta ko mijinta na da abokin gaba.

"Ba shi da kowa, Baba. Shi da Hayaƙi baki ne kawai."

"Mutane na cewa don ya ƙwace fasinja ya ƙara wa injin ƙarfi."

Ta girgiza kai. "Don ni ya yi. Bara da naƙuda ta zo mini da gardama, aka ce sai asibitin tsallake. Awa guda muna kan ruwa. Ina jin motsin yaron da muka tashi, kafin mu kai ya daina. Tun ranar bai sake zancen ba. Da na samu wannan cikin sai ya ɗauki injin ya kai wa Makanike. Ran da ya dawo ya ce mini, yanzu minti ashirin da biyar ne. Abin da ya faɗa ke nan, ya nemi abinci."

"Injin ya taɓa ba shi matsala bayan gyaran?"

"Wata 'yar ƙusa ce ta farfela take ta karyewa. Sau uku. Na ukun ina ciki, muna dawowa daga awo, ga iska, ba halin ya tsaya sauya ta a tsakiyar ruwa. Awa biyu yana tuƙi da filafili. Ni ba ranar da ta karye mana ce ta dame ni ba. Tunani nake, in ta karye ran haihuwa fa? Da muka dawo na yi ta kuka har Baba Maƙeri ya ji."

Ta share ido da bakin mayafi. Na yi mata addu'a na fito, na nufi shagon Makanike.

*

Injin na kwance a kan teburinsa, an wanke masa laka. Makanike na ganina ya fara rantsuwa tun ban tambaye shi komai ba, don ya san in aka gama da Hayaƙi shi ne na gaba.

"Ajiye rantsuwar, za ta yi maka amfani wani wuri," na ce. "Me ka yi wa injin nan?"

"Abin da kowa ke yi, Baba. Injin nan ƙarfin doki goma sha biyar ne a cikinsa, tun daga kamfani aka shaƙe shi ya koma goma. Akwai wani ɗan faranti a maƙogwaron kafireta, na cire shi ya samu numfashi. Na buɗa masa hanyar mai. Na sa masa farfela mai faɗin kunne, na ɗaga zamansa da yatsa biyu. Shi ke nan. Na kuma gaya masa ya riƙa tashi a hankali, shi kuwa ka san hannunsa."

"Mutane na cewa kwance masa maɗauri aka yi."

Ya nuna mini maɗauran biyu da ake murzawa su kama katakon bayan jirgi. Suna nan a ɗaure tamau, sun cije ɓallin katakon. Na sa ƙarfina na murɗa, ko motsi. Injin bai zame ba, tsage jirgin ya yi ya tafi da nasa rabon.

"Ƙusar da take karyewa fa, mece ce?"

Nan ya ɗan saki jiki, don an zo inda ya fi ni sani. "Ita ce ke haɗa farfela da sandar inji. Da gangan ake yinta da tagulla mai laushi. In farfela ta cije kututture, ita za ta karye, inji ya yi ta juyawa a banza, kowa ya tsira. Ita ke mutuwa a madadin mutum. Tunda na ƙara masa ƙarfi, in ya fizgi mai da yawa ma sai ta karye. Na ba shi guda biyar ya ajiye."

"To wannan karon ta karye?"

Ya ɗauko sifana ya kwance notin farfelar. Kunnenta ɗaya ya lanƙwashe, ga tsinken itace a cikinsa. Ya zare ta, sai ga ƙusar nan a wurinta, baƙa wuluk, a miƙe sambal. Sai da ya sa guduma kafin ta fito.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce. "Baƙin ƙarfe ne, irin na sufirin mota. Baba, da wannan a ciki, in farfela ta cije itace a guje, duk ƙarfin injin jirgi zai koma. Kisa ne wannan. Duk wanda ya san inji ya san abin da za ta yi."

"Wanda bai san inji ba fa?"

Bai gane tambayar ba, ni kuma ban maimaita ba. Na kai ƙusar bakin ƙofa wajen haske ina juya ta. Ba daga kanti ta fito ba, da hannu aka ƙera ta, aka goge ta da magagari har ta yi santsi. A kanta ɗaya, inda magagari bai kai ba, akwai wani ɗan tabo lanƙwasasshe kamar shatin farce. Guduma ma tana da sawu. A garin nan guduma ɗaya ce mai tsaga a fuska da ke barin wannan tabo, kuma yana jikin wuƙar da ke ƙuguna, yana jikin fartanyar gidana. Na nemi benci na zauna.

Na roƙi Makanike ya riƙe bakinsa zuwa safe. Ya ce zai riƙe, amma in aka zo kansa zai faɗa.

*

Da la'asar na zagaya ta bayan gidan Maƙeri na shiga maƙera. Wutar ta mutu kwana uku ke nan. Ban sha wahalar nema ba, don mai abin bai ɓoye komai ba. A kan gungumen da ke gefen uwar maƙera ga rabi biyu na karyayyiyar ƙusar tagulla, an jera su baki da baki don a ɗauki awo. Ga guntun sufirin da aka yanka. Ga wasu ƙusoshi biyu da ya fara ƙerawa ba su yi masa ba ya jefar.

A cikin tokar ƙasa kuma ga wani sawun da ban so gani ba. Ƙafar mace ce, a wawware, nauyin duk a dunduniya, irin ta mai tsohon ciki. Ta shigo, ta tsaya daidai gungumen, ta juya ta fita. Ita ta kawo masa karyayyiyar.

"Ka samu wani abu?"

Maƙeri ne a bakin ƙofa, ya dogara da sanda.

"Ina kan hanya," na ce.

Ya shigo ya zauna a mazauninsa na aiki, ya ɗora hannu a kan zuga-zugi. "Yaron nan tun yana shekara shida yake zuga mini wuta a nan. In ya gaji sai ya hau kai da ƙafa. Shekara goma ina zaune ina jiran ya dawo ɗakin nan, ashe ni ya kamata in tashi in je inda yake. Na makara, Mai Sawu. Sau ɗaya tak na je."

Ƙusar tana aljihuna, hannuna a kanta. Na sha gaya wa mutane ɗansu ne ɓarawon, ƙaninsu ne ya buɗe garke, ban taɓa jin nauyin baki ba. Ranar na kasa. Na ce masa sai da safe, na fita kamar an kore ni. A hanya na bi ta bakin ruwa, na tsaya na daɗe da ƙusar a hannu ina tunanin jefa ta ciki, sannan na mayar da ita aljihu.

*

Da safe aka taru a rumfar tasha. Shugaba ya fito da Hayaƙi ya zaunar da shi a tsakiya, ga Makanike a gefe, ga matan nan biyu masu wanke kifi. An kawo wa Maƙeri kujera. Matasa sun yi zobe a baya, wasu da gora a hannu, ba su ko ɓoye ba. Can nesa matar Hayaƙi na tsaye da 'ya'yanta.

Na yi niyyar ba su rabin gaskiya, ina fatan ta ishe su. Na ce matan nan ba su yi ƙarya ba, Hayaƙi ya je, amma murfi ya buɗe ya leƙa ya rufe. Na sa aka kawo ɓallin katakon kowa ya gwada maɗauran da hannunsa. Na ce babu wanda ya kwance komai, kututture ne da ƙarar kwana.

"Kututture?" in ji wani matuƙi daga baya. "Ni sau nawa na hau kututture? Ga ni tsaye. Me ya sa nasa bai saki ba?"

"An saye tsohon nan," wani ya ce.

Zoben ya fara matsowa. Ɗaya ya cafki wuyan rigar Hayaƙi ya miƙar da shi, Shugaba na ta a tsaya a tsaya, ba mai jin sa. Na dubi Makanike, ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyansa.

Maƙeri ya buga sandarsa a ƙasa, aka ɗan lafa.

"Mai Sawu, dube ni. Shekara sittin na san fuskarka. Na san yadda take in sawu ya ɓace maka, na san yadda take in ka kai ƙarshensa. Ka kai ƙarshe. Wa kake rufa wa asiri a kan jinin ɗana?"

"Maƙeri, mu je gida in gaya maka."

"A nan za ka faɗa. In ba haka ba, na bar su da shi."

Na dubi Hayaƙi, har yanzu ana riƙe da wuyan rigarsa. Na ciro ƙusar na buɗe tafin hannuna. Na ce wannan muka samu a farfelar.

Matuƙan da ke kusa suka leƙo, na ji numfashinsu ya sauya. Maƙeri kuwa ya miƙo hannu ya ɗauke ta, ya kai ta kusa da ido. Sai na ga fuskarsa ta saki, karo na farko tun rasuwar.

"A'a, wannan ai tawa ce," ya ce. "Ni na ƙera masa. Waccan ta kantin karyewa take ta yi, tana barin su a tsakiyar ruwa, ga yarinya da tsohon ciki. Na ce ina raye, ina da wuta da guduma, ƙusa ta gagari gidana? Kwana biyu na yi a kanta. Na bari ya tafi cin abinci na je na sa masa, don in na ba shi a hannu cewa zai yi ban san inji ba." Ya ɗaga ta sama. "Kun gani? Katako ya tsage, farfela ta lanƙwashe. Ita ko gezau."

Wanda ya riƙe rigar Hayaƙi ya sake ta. Na ji gora ɗaya ta faɗi ƙasa. Maƙeri ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kai kansa sai ya sunkuyar da kai.

"Me ya faru? Me na faɗa?" Ya juya wajen Makanike. "Kai, ɗana, kai ka san inji. Gaya mini."

Makanike ya durƙusa a gabansa. "Baba, ita ƙusar, don ta karye ake yinta."

"Don ta karye."

"E, Baba. In farfela ta cije itace, ita ke karyewa ta saki jirgin."

Maƙeri ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Shi da ya ƙare rayuwarsa ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya karye ba.

"Da ta tagullar ce a ciki fa?"

"Da ta karye."

"Shi kuma?"

Makanike ya fashe da kuka. "Da ya tuƙo da filafili ya dawo, ya zo shago yana yi mini faɗa."

Maƙeri ya gyaɗa kai a hankali. Ya dafa sanda ya miƙe, na kai hannu zan taimake shi ya ture. Ya taka har gaban Hayaƙi, ya sa yatsunsa ya kwance igiyar da kansa.

"Ka yafe mini, ɗana. Je ka wajen iyalinka." Sannan ya juyo ga jama'a. "Wanda ke neman mai laifi, ga ni. Ni kaɗai na ƙera, ni kaɗai na sa."

Babu wanda ya taɓa shi. Suka dare suka ba shi hanya.

*

Na bi shi a baya har gida, bai waiwayo ba, ban kuma yi ƙoƙarin jerawa da shi ba. Tausayinsa ya cika ni, kuma na tsani kaina da idona da aikin da na iya.

Labari ya riga mu isa. Matar Kibiya na tsaye a bakin ƙofar gida, hannu ɗaya ta dafa bango, ɗaya a ƙarƙashin ciki. Ba ta kuka.

"Baba, an ce ƙusar ce."

"Ita ce, 'yata."

"Baba, ai ni na kawo maka. Ni na ce ka yi mana wadda ba za ta..."

"Ba ki kawo mini komai ba," ya katse ta. "A aljihun rigarsa na tsinci karyayyiyar, na yi karambanina. Abin da kika roƙa na ji, amma ban bi ta kanki ba, don na riga na gama ƙera ta tun kafin ki yi magana. Baƙin ciki ne ke rikita miki lissafin kwanaki."

Ta girgiza kai, ba ta yarda ba. Ta juyo wajena, don duk garin an san ba na ƙara wa sawu ba na rage masa.

"Baba Mai Sawu, kai ka duba. Ka gaya mini gaskiya."

Maƙeri bai dube ni ba. Ya tsaya ne kawai, ya riƙe sandarsa da hannu biyu, yana jira.

"Na duba, 'yata," na ce. "Na shiga maƙerar na duba ko'ina. Aikin ya riga zuwanki."

Ta zame jikin bango ta zauna, kukan ya zo mata. Maƙeri ya jira har mata suka fito suka kama ta suka shige da ita. Sannan ƙafafunsa suka saki, na tare shi kafin ya kai ƙasa.